Bayan an kori malami, wa zai shiga ajin?

A watan Oktoba na 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta fito da wani adadi da har yau ake kafa hujja da shi duk lokacin da zancen makarantun gwamnati ya taso. Cikin malaman firamare kusan 33,000 da aka yi wa jarabawa, 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, alhali tambayoyin na 'yan aji huɗu ne. Gwamna Nasir El-Rufai ya ce za a sallame su, a ɗauki sababbi 25,000. Aka riƙa yawo da hotunan takardun amsar wasunsu a Facebook da Twitter, wasu na dariya, wasu na salati. Ƙungiyar malamai ta NUT ta ce hukumar rajistar malamai ta TRCN ce kaɗai ke da hurumin auna malami, ta garzaya kotun ma'aikata, ta kuma tsunduma yajin aiki a Janairun 2018. Yajin bai daɗe ba, kora kuma ta tabbata.

Daga nan aka rabu gida biyu. Wasu suka ce wanda lissafin ɗan aji huɗu ya kayar, me zai koya wa ɗan aji huɗu? Ɗan talaka ne ke kwana a ciki, masu kare malaman kuwa 'ya'yansu suna makarantun kuɗi. Wasu suka ce to, wa ya ba su takardar shaidar koyarwa ta NCE? Wa ya sa hannu aka ɗauke su? Shekara nawa suka yi a aji ba wanda ya leƙo ya ga abin da suke yi? Duk tambayoyin nan suna kan hanya. Sai dai ba a cika tuna abin da ya biyo baya ba, kuma a nan gizo ke saƙa.

A Afrilun 2018 gwamnatin ta sake sallamar 4,562 daga cikin sababbin da ta ɗauka, ta ce su ma ba su cancanta ba. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. A Disambar 2021 aka sake wata jarabawar, a Yunin 2022 aka kori 2,357, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba. Amma a dubi yadda adadin ya rabu: 2,192 an kore su ne don sun ƙi zama jarabawar, 165 kacal aka kora saboda faɗuwa. Dalili kuwa an sauya ma'auni. Wanda ya kasa kai 40 shi ya tafi, wanda ya samu tsakanin 40 da 74 aka ce za a horar da shi a ba shi wata dama, mai 75 zuwa sama ya haye. Wato gwamnatin da ta fi kowa zafi a kan lamarin ita da kanta ta dawo kan cewa mafi yawan malamai gyara za a yi musu, domin rijiyar da aka ɗebo na farko ita za a koma a ɗebo na biyu.

Rijiyar nan ita ce kwalejin ilimi. Daga 2022 zuwa 2025 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400. Kowace tambaya zaɓi huɗu gare ta, don haka wanda ya zauna ya yi canki-canka tun daga farko har ƙarshe ba zai yi nisa da wannan makin ba. Wanda jami'a ta ƙi, kwalejin fasaha ta ƙi, shi ake cewa ya je ya yi NCE kafin Allah Ya kawo wani abin. Da ba haka abin yake ba: Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Malam Aminu Kano duk sun riƙe alli kafin su shiga siyasa.

Idan ɗalibi ya shiga, shekara uku zai yi, kuma galibi darussa biyu zai haɗa, kamar Hausa da Addinin Musulunci, ko Tattalin Arziki da Nazarin Zamantakewa. Wannan shiri ne na malamin ƙaramar sakandare mai koyar da darasi guda. Firamare kuwa malamin aji take so, wanda zai koyar da karatu da rubutu da lissafi ga yaron da bai taɓa riƙe fensir ba. Akwai sashen nazarin ilimin firamare a kwalejoji, hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi ma ta sake fasalin manhajar a 2012 don a horar da kowa bisa matakin da zai koyar, amma ɗalibai na gudun sashen don ana ganinsa na ƙasa ne. Sai ka tarar da mai NCE a Tattalin Arziki an danƙa masa aji ɗaya, bai taɓa ganin yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi da wasali ba. Koyarwar gwaji, wato TP, ita ya kamata ta cike giɓin, amma sau da yawa malamin kwaleji sau ɗaya ko biyu zai zo, ya duba shirin darasi, ya ba da maki, ya kama hanya. Abin da tsofaffin malamai ke kewa a tsohon tsarin horar da malamai na Grade II ke nan: an koya musu rubutun allo, da tsayuwa a gaban aji, da yin kayan koyarwa da kwali da marfin kwalba, kuma an sa musu ido suna yi.

Yanzu mu shiga ajin, don a nan ne ake ci ko a faɗi.

Aji na biyu ne, yara sun haura tamanin, na gaba a kan benci, na baya a ƙasa. Malam ya rubuta ba, be, bi, bo, bu a allo. Yana nunawa da sanda, yara na amsawa da murya ɗaya har ana ji a bakin titi. Mai wucewa zai ce kai, makarantar nan ana karatu. To a ɗauko yaro guda daga layin baya, a rufe sauran gaɓoɓin da hannu, a nuna masa "bo" ita kaɗai. Zai ce "ba", domin waƙar ya haddace, kuma waƙar da "ba" take farawa. Amshi shi ne babban mayafin da ke rufe rashin iya karatu a makarantunmu. Yara biyar ko shida ke jan baki, sauran suna bi. Daga nan sai kwafar allo: yaro ya cika littafi da rubutu mai kyau wanda ba zai iya karanta layi guda a ciki ba. A haka zai kai aji shida, tunda ba a maimaita aji. Malamin nan yana iya cin 80 a jarabawar Kaduna, kuma ajinsa ya kasance haka. Jarabawar takarda tana nuna ko malami ya san abin, ba ta nuna ko ya iya sa yaro ya sani.

Gano gaskiyar aji ba ya cin kuɗi. Takarda ɗaya ta isa: haruffa goma a hargitse, kalmomi goma masu sauƙi, gajeren sakin layi mai jimla huɗu, da ɗan labari mai jimla takwas zuwa goma. A kira yaro shi kaɗai, nesa da 'yan ajinsu, a fara ba shi sakin layin. In ya karanta sumul a haura da shi labari. In ya cije a sauko kalmomi, in nan ma ya cije a sauko haruffa. Minti uku zuwa biyar ne kowane yaro, malamai biyu za su gama da aji mai tamanin cikin kwana biyu ko uku. Sai a rubuta sunan kowa a gidansa: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai sakin layi, mai labari. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar malamin aji ya zaɓo yaran da za a gwada, ko a yi amfani da shafin da suka riga suka haddace. Daga rajista ake zaɓa, da rubutun da ba su taɓa gani ba.

A aji ɗaya da na biyu, Hausa ta yi mana gata, don yadda ake furta ta haka ake rubuta ta, wasula biyar ne, gaɓoɓinta kuma gajeru. Sautin harafi ake koyarwa, ba sunansa na Turanci ba. Yaron da aka cusa wa cewa c sunanta "si" zai tsaya cak a gaban kalmar "ciki". Ba dole a bi jerin a, b, c ba, gara a fara da haruffan da ke haifar da kalma nan take. Da a, n, k, m kaɗai yaro zai karanta nama, kaka, mama, kama, har da jimla sukutum: "Kaka na nan." Ranar da yaro ya karanta jimlar farko da kansa, ba sai an kora shi makaranta da bulala ba. Haruffa biyu a mako sun isa. Idan aka cire makon share fili da na jarabawa, zango yana ba da kamar mako goma na karatu, don haka cikin zango biyu an gama da haruffan, har da masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da tagwaye irin sh, ts, ky, gw. Su waɗannan a jinkirta su zuwa ƙarshe, a kuma haɗa su da takwarorinsu don kunne ya bambance: bari da ɓari, kafa da ƙafa, daka da ɗaka.

Kowane darasi hawa uku ne. Malam ya yi yara na kallo, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai ko shi da na kusa da shi, malam yana zagayawa yana saurare. Hawa na ukun shi ne karatun, kuma shi ake tsallakewa, don a aji mai yara ɗari ko minti ɗaya aka ba kowa an cinye fiye da awa ɗaya da rabi. Dabarar ita ce karatun bibbiyu: kowa da abokinsa, yatsa a kan layi, malam ya saurari yara goma yau, wasu goma gobe, yana ɗiga alama a rajista. Cikin mako biyu ya ji muryar kowa. A nan akwai wata riba da ake watsarwa: yaro da yawa ya zo da babbaƙu da farfaru daga makarantar allo, ya riga ya san cewa baƙi yana sauya sauti in an ɗora masa wasali. Malamin da ya ce masa "kamar yadda kake yi a allonka" ya rage wa kansa rabin aiki.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da littafi a hannun kowane yaro. Ba sai mai sheƙi ba, ko da takardar jarida aka buga shi ya wadatar, muddin kalmomin kowane shafi daga haruffan da aka riga aka koya suke. Shirye-shiryen da aka yi da tallafin ƙasashen waje, irin su RANA a Katsina da Zamfara da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, a kan wannan tubalin aka gina su: littafin ɗalibi, jagoran malami, da mai zuwa dubawa. Inda abin ke lalacewa sananne ne. Littattafai su iso ana dab da hutu. Ko su iso hedimasta ya kulle su a kabad don tsoron kada su yage a tambaye shi, gara ta cinye su a can. Ko shirin ya ƙare, jiha ba ta sa kuɗin sake bugawa a kasafinta ba, bayan shekara biyu a koma waƙar allo.

'Yan aji huɗu zuwa shida da aka riga aka bari a baya kuma fa? Hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita, wadda aka gwada a Borno da kuma ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil a Kano, ita ce a ajiye batun aji na awa ɗaya da rabi zuwa biyu kowace rana, a raba yara bisa abin da gwajin nan ya nuna. Masu harafi wuri guda ko da ɗan aji shida ne, masu kalma wuri guda, masu labari wuri guda. A sake gwaji bayan wata ɗaya ko mako shida, wanda ya motsa a ciyar da shi gaba. In ba a sake gwajin ba, rukunin ƙasa ya zama ajin daƙiƙai na dindindin, kuma yara ba sa yafe wa juna irin wannan suna. Sannan a yi wa iyaye bayani tun kafin a fara, a taron kwamitin kula da makaranta na SBMC ko bayan sallar Juma'a, don uba ba zai ji daɗi ba in ya ji ɗansa na aji shida yana zama da 'yan aji huɗu.

Horar da malamai shi ne inda kuɗi ke shiga ba a ga fitarsa. A tara mutane a babban birni kwana biyar, a ci abinci, a raba jaka da alawus. Waɗanda aka horar su horar da wasu, waɗannan su horar da na ƙasa, kafin abin ya isa ƙauye ya zama ruwan wanke hannu. Ga shi kuma fuskoki ɗaya ake turawa kowane bita, na kusa da ofis, malamar aji ɗaya ba ta taɓa zuwa ba. Abin da ke aiki ya fi wannan arha: kwana uku ko huɗu kafin kowane zango, a wata makaranta da ke tsakiyar makarantu biyar ko shida, kowane malami ya tashi ya koyar da darasin da zai yi a makon farko, 'yan uwansa su gyara masa. Sai haɗuwa sau ɗaya a wata. Sai kuma ziyara.

Ziyara iri biyu ce. Akwai ta sufeton da zai tsaya a ofishin hedimasta, ya bi shirin darasi da jan biro, ya sa hannu a littafin baƙi, a raka shi bakin babur. Akwai kuma ta jami'in tallafa wa makarantu da zai zauna a bayan aji daga farkon darasi har ƙarshe, ya gwada yara uku daga rajista, sannan ya ja malam gefe.

"Malam, darasi ya yi kyau, muryarka na kaiwa baya. Abu ɗaya na gani: da ka ce a karanta, layi biyu na gaba ne kaɗai ke da littafi a buɗe."

"Ranka ya daɗe, sha biyu aka ba mu."

"Sauran suna ina?"

"Suna ofis."

Minti goma ke nan, gyara ɗaya, kuma an gano matsalar da ba ta malam ba ce. In aka jero masa gyara goma, ko ɗaya ba zai ɗauka ba. Jami'i guda zai iya riƙe makarantu takwas zuwa goma ya zagaye su duk wata, in dai ana ba shi kuɗin mai a kan kari. Kuɗin man nan shi ake fara yankewa idan aljihu ya yi zafi, shi ya sa jami'an suke zaune a ofishin sakataren ilimi.

Akwai masu cewa a rubuta wa malami komai, har abin da zai furta, kamar yadda jihar Edo ta fara a 2018 da shirin EdoBEST, inda darasi ke zuwa a 'yar kwamfutar hannu. Masu suka na cewa an mayar da malami aku. A ganina, malamin da ya samu 50 a jarabawa kuma yake gaban yara tamanin ba raini ba ne a ba shi jagora mai nuna masa mataki-mataki, gwanin kuma a sakar masa mara. Sai dai a ƙauyen da ba wuta ba sabis, jagora na takarda ya fi na'urar da sai an kai ta caji kasuwa.

Batun harshe kuwa gwamnatin tarayya ta yi ta kai gwauro ta kai mari. Tsohuwar manufar ilimi ta ce harshen uwa ko na yanki a shekaru ukun farko, a 2022 aka ce duk shekaru shida na firamare, a Nuwambar 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan aka koma Turanci. A cikin aji kuwa abin da ake yi bai sauya ba: rubutun allo da Turanci, bayani da Hausa, yaro ya tashi ba wan ba ƙanen. Yaron da ya iya karatu da harshen da yake ji, dabarar haɗa sauti ba sai an sake koya masa ita a Turanci ba, kalmomi kawai zai nema, kuma ana iya fara ba shi su da baki tun aji ɗaya. A tuna kuma ba kowane yaro a Arewa ne ya tashi da Hausa ba. A rugar Fulani, ko ƙauyen Kanuri, ko Kudancin Kaduna, sai an duba abin da yaran ke ji kafin a yanke hukunci.

Kuɗi fa? Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin bai-ɗaya. Tsawon shekaru rabin kuɗin tallafi ne da jiha ba ta taɓawa sai ta ajiye kwatankwacinsa, galibi kuma gini da kujeru ake yi da shi, horar da malamai kashi 10 ya samu. Gini yana da kwangila, yana da fenti, ana yanke masa ƙyalle. Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fita, shi ya sa ko a Abuja malaman firamare suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Shi ya sa kuma ake yin ritaya ba a maye gurbi, a bar aji a hannun ɗan sa-kai da iyaye ke haɗa wa abin sabulu.

Idan an zo ɗauka, nan ake sake dasa matsalar shekara talatin masu zuwa. Guraben a raba su kamar naman layya: na ɗan majalisa, na ciyaman, na kansila, na wane da wane. Jarabawar da ake ta rigima a kanta, a bakin ƙofar nan ya kamata a kafa ta, kafin mutum ya shiga. A yi ta takarda, sannan a ba shi alli da yara ashirin na minti goma sha biyar a gani. Kuma a tallata gurbi da sunan makaranta, ba da sunan ƙaramar hukuma ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma ko inda adadin malamai bai yi muni ba, rabon ne ya karkace: makarantar cikin gari malamai sun yi yawa har ana karɓa-karɓa, ta ƙauye hedimasta ne da mutum ɗaya suna riƙe da azuzuwa shida. Ɗan birnin da aka tura ƙauyen da ba gidan haya ba mota, wata uku zai yi yana neman wanda zai sa baki a dawo da shi.

An taɓa gwada maganin wannan a ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF a Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato da Zamfara. Aka zaɓo 'yan mata daga ƙauyuka, aka ɗauki nauyin karatunsu na NCE, bisa sharaɗin kowace za ta koma ta koyar a yankinsu. Ba ta neman gidan haya, ba ta neman canjin wuri, iyaye kuma sun fi sakin jiki su turo 'ya'yansu mata in sun san wadda ke ajin. Da yawansu sun sha fama da karatun saboda raunin sakandaren da suka fito, wanda ke nuna ana buƙatar shekarar share fage kafin a jefa su NCE. Cikin waɗanda suka kammala kuma, da dama sun koma gida da takardarsu suka zauna jiran jiha ta ɗauke su aiki, makarantar ƙauyensu tana nan da malami ɗaya ko biyu.